Abin da Maribel Ta Faɗa a Gaban Aji

Ranar ƙarshe ta darasin haɗa manhaja, malama ta nemi ra'ayin ɗalibai kan aikin rukuni. Maribel ta miƙe ta ce shugaban rukuninsu yakan goge aikin mutane bai shawarci kowa ba. Shugaban kuwa Curtis ne, saurayinta.

A bakin ƙofa ya tare ta, idanunsa jajur.

"A gaban kowa, Mari?"

"Sau nawa na gaya maka daga ni sai kai?"

Ya sunkuyar da kai. "Na samu aiki a can birnin Seattle. Har na kama mana gida."

Ba ta kau da ido ba.

"Ka dai kama wa kanka. Ni ina nan Toronto. In kana sona, ka san hanya."