Lita Biyar na Shuɗi

"Ki koya wa ƙanwata haɗin, ki tattara ki tafi," in ji Hajiya, mai masana'antar sabulun ruwa. "Kuma yadda na koya miki, ba iyayinki na boko ba."

'Yar Boko, kamar yadda ake kiranta a wurin, ta dubi tafin hannunta. Shekara uku sinadari yana cin hannuwanta, yau kuma an ba wata gurbinta. Ta ce, "To, Hajiya." Ta koyar, ta ɗauki jakarta, ta fita.

Washegari aka aiko mata da kiran gaggawa. Ta tarar da Hajiya a tsaye gaban duro, hannuwanta shuɗi har gwiwar hannu. Wani mai otal da ya zo gwada kayan yana ta dirzar nasa, shuɗin ya ƙi fita.

"Muguwa! Me kika koya mata?"

"Abin da kika koya mini. Takardar haɗi ta ce mililita ɗari biyar na launi. Ke kuma kin ce lita ɗaya mililita ɗari ce, sai muka zuba lita biyar. Ranar da na ce dubu ce, rabin lita ya isa, a gaban kowa kika mare ni."

"To, a da yaya sabulun yake yin kyau?"

'Yar Boko ta gyara zaman jakarta.

"Shekara uku ina saɓa miki a ɓoye, Hajiya. Jiya kaɗai na yi miki biyayya."