Tsagar da Magini Ya Toshe

Malama, Allah ya jiƙanta, ta shekara uku tana auna wata tsaga a katangar tsohon sito. Ta kafa ƙusa a kowane gefen tsagar, duk wata ta zo ta duba tazararsu, don ta gane yadda ƙasar yankin ke zamewa kafin girgizar ƙasa.

Ran nan ta iso da ma'auninta, ta tarar da katangar sumul, siminti ko bushewa bai yi ba. Maginin da ke nemanta, wanda ita ma take so, yana tsaye gefe cikin sabuwar riga.

"Kullum ina ganinki cikin rana kina fama da ita," ya ce. "Na ce bari in hutar da ke. Kuma iyayena na son zuwa gidanku."

Ta ɗora yatsa inda ƙusoshin suke a da. Sannan ta ɗago ta dube shi.

"Sarkin aiki, ka taɓa tambayata me nake aunawa?"

Ya juya ya dubi katangar.

"Aikinka ya yi kyau," ta ce a hankali. "Ka gaya musu kada su wahalar da kansu."