Ranar Da Aka Karya Guguwa

Ƙarfe huɗu saura kwata Kawu ya gama jera kujeru a zauren kulob. Ya daidaita hoton Guguwa da ya ɗan karkace a bango, ya goge gilashin da hannun rigarsa.

Ƙa'idar kulob ɗin ce, duk tsohon ɗan wasan da ya rasu cikin shekara a rataye rigarsa a dogon bangon nan, a gayyato iyalinsa, wani da suka buga tare ya tashi ya faɗi abin da ya sani. Bana riguna uku ne. Akwai mai tsaron gida da ya yi wasa goma sha ɗaya a jere ba a zura masa ƙwallo ba. Akwai wani ɗan baya da ya ƙare a koyarwa. Sai Guguwa, wanda ya ci ƙwallo casa'in da huɗu kafin ya cika shekara ashirin da biyar, aka karya masa ƙauri a wasan ƙarshe na kofi, bai sake taka fili ba sai da sanda.

Kawu ne zai yi magana a kansa. In ba shi ba wa? Tare suke a gaba, shi ke ba da ƙwallo, Guguwa ke ci. Shekarar da abin ya faru shi ma ya ajiye takalmi, lafiyarsa ƙalau. Shekara arba'in da ɗaya yana kai abokinsa asibitin ƙashi duk Alhamis. 'Ya'yan Guguwa sun tashi suna ce masa Kawu, ba su taɓa tambayar ta ina aka haɗa jini ba.

Mutane sun fara cika zauren lokacin da ya hango wani dogon tsoho a bakin ƙofa, riƙe da ambulan. Duk da furfura da ranƙwafawa ya gane kafaɗun nan. Ɗan bayan abokan hamayya ne, wanda alƙalin wasa ya ɗaga wa jan kati a ranar, wanda tun daga nan ba a sake kiransa da komai ba sai Mahauci.

Kawu ya tare shi tun bai shigo ba.

"Me ya kawo ka?"

"Faifan wasan nan ne. Akwai mai ɗaukar hoto a bayan raga ranar nan. Bara ya rasu, iyalinsa suka tsinci wannan a akwati."

"Yau ranar mamaci ce, ba taka ba. Ba ni in ajiye, in an watse mu zauna."

Mahauci ya ƙanƙame ambulan ɗin a ƙirji. "Jikata ma a makaranta jikar Mahauci ake ce mata. Na zauna, malam. Na zauna shekara arba'in."

"To ƙara yini ɗaya."

"Ashe kai ma ka tsufa. Da can ka fi haka saurin tare mutum."

Babbar 'yar Guguwa ta ƙaraso, malamar asibiti ce, ba ta da wasa. Ta dubi baƙon, ta dubi Kawu.

"Kawu, wane ne wannan?"

Kafin Kawu ya buɗe baki tsohon ya amsa. "Ni ne aka ce na karya babanki."

Fuskarta ta ɗaure. "In gafara ka zo nema, ka makara da wata biyar."

"Minti biyu kawai nake roƙo. Ku kalla, in tafi."

Kawu ya rage murya. "Ɗiyata, kada ki yarda. Ga mahaifiyarki can a gaba. Ni na ji ƙarar ƙashin nan da kunnena, har yau ina jinta. Ba abin kallo ba ne."

"Kawu, ƙashi nawa na gani a karye? Na girma da labarin nan ban taɓa ganinsa ba. A sa shi, kowa ya ga abin da mutumin nan ya yi."

Aka ja labule, aka kunna majigi. Kawu ya zauna a kujerar da aka tanadar masa, kusa da matar marigayi. Ya ƙirga taku tsakaninsa da ƙofa, goma sha biyu, duk a cike da mutanen da suka san shi.

Hoton baƙi da fari ne, yana rawa. An sha ruwan sama ranar, fili ya zama laka, safa da wando na kowa sun koma launi ɗaya. Alƙalin wasa yana can baya, yana kare ido da hannu. Ƙwallo ta taso daga kusurwa, mutum uku suka afka mata tare, ɗaya ya faɗi rub da ciki. Zauren ya ɗauki salati.

Matar marigayi ta taɓa hannun Kawu. "Sannu. Kai ma rufe idonka, ka gani sau ɗaya ya isa."

"A mayar baya," in ji Mahauci. "A hankali, don Allah."

Aka mayar. Hoton ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, kowane ɗigon laka ana ganinsa, fuskokin mutum ukun ma suka fito sarai. Wannan karon babu wanda ya yi salati. Babbar 'yar ta miƙe tsaye, ta matsa kusa da bango har inuwarta ta hau hoton, sannan ta juyo a hankali.

A hoton, Mahauci yana taku biyu a baya, ƙafafunsa duka a ƙasa. Takalmin da ya sauka a kan ƙaurin Guguwa na Kawu ne.