Mai Rawanin da Ya Ƙi Cin Abinci

Zinatu ta kasa ɗauke ido daga kan mai baƙin rawanin nan.

Ita ta shirya wa kamfanin walimar ƙarshen shekara a Arlit, ta ce a ci a tsaye don baƙi su san juna. In an samu tangarɗa, ba za a sabunta mata aiki ba.

Mutumin yana riƙe da faranti, amma ko loma bai kai baki ba. Da darakta Amastan ya nufo shi, sai ya ja rawani ya rufe baki, ya sulale wata kusurwa. A ran Zinatu, ɗan leƙen asirin wani kamfani ne, ba shakka.

Ta yafito mai gadi. Aka riƙo hannun mutumin, aka kawo shi gaban darakta a tsakiyar taro.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan tun ɗazu yake guje maka."

Darakta ya ajiye cokali.

"Mijin 'yata ne, Zinatu. A wurinmu Buzaye, mutum ba ya cin abinci gaban surukinsa." Ya dubi mai gadi. "Sake shi. Shi ne sabon shugaban ma'aikata."