Mai Sa Matata Dariya

Karo na uku ke nan intanet ɗin gidanmu yana yankewa, matata tana tsakiyar ludo a waya.

"Maigida, duba mana na'urar nan, na kusa ci!"

Na duƙa bayan kujera kamar mai gyara, alhali ni na zare fulogin. Mako biyu tana wasa da wani wai shi Zaki, tana dariyar da rabona da jin irinta tun tana amarya. Ban tambaya ba, sai cina yake a rai.

"Daga kamfani ne," na ce.

Sai ga muryar mahaifiyata daga ɗakinta:

"Kai, mayar da abin nan! Ni ce Zakin. Kullum na kusa cinye surukata sai ka tsinke mu!"