Naɗi Arba'in da Bakwai

Saura rabin sa'a a karanto sunayen alhazan da jirginsu ya sauka Kano, ga rediyon mai unguwa a buɗe gaban mai gyara a kasuwar Gwaram, naɗaɗɗiyar wayar da ke kamo tasha a cikinsa ta ƙone. Masu 'yan'uwa a Makka sun cika rumfar.

'Yar mai gyaran, wadda ta zo hutu daga jami'a, ta zaro doguwar takarda daga jaka. Irin wannan rediyon ta yi nazari a kai.

"Baba, dakata. Na ba kwamfuta lissafin, na sa harafi a gurbin yawan naɗin wayar da ba a sani ba. Kwana uku ina huda katunan da ake shigar mata da lissafi kafin ta ba ni amsa."

"Riƙe amsarki tukuna," in ji shi.

Ya ɗauko sabuwar waya ya shiga naɗawa, yana hira da mutane, ko dubawa ba ya yi. Ita kuwa tana ƙirgawa a zuci, don gani take yau ɗayansu zai sha kunya a gaban jama'a. Ya tsaya a arba'in da bakwai, ya liƙe da dalma, ya murɗa. Muryar Kaduna ta fito tangaram, mata suka rangaɗa guɗa.

Ta warware takardar, ta fashe da dariya, ta nuna masa: arba'in da bakwai.

Ya gyara zaman tabarau, ya jinjina kai. "Wannan na'ura taku tana ƙoƙari. Ki gaya mata, in ta ƙara sauri, ina neman mataimakiya."