Ranar da Na Ƙi Durƙusa wa Surukina

Ni dai ina tsoron surukina, ba na ɓoyewa. Shi ne kuma mai gadin Ƙofar Lafiya ta unguwarmu, wadda kowa ke ratsawa kafin ya fita. In ta kunna kore ka wuce, in ta kunna ja likita ya gan ka. Ba ja, ba likita, haka doka ta ce.

Tun bara kunnena na dama yake ƙugi, jina yana raguwa, bakina ya fara karkacewa. Ƙofa kuwa kullum kore.

Yau da safe matata Lantana ta raka ni, ta ga yadda nake wucewa.

"Baban Walida, ashe a durƙushe kake ratsa ta! Idanunta a sama suke, me za su gani?"

"To, in tsaya wa Baba ƙiƙam a ka?"

"Tsaya. Ubana ne, na yafe."

Na koma layi. Na shiga a miƙe kamar soja.

"Lafiya, Sa'idu?" in ji Baba. "Ko gwamna aka ba ka?"

Ƙofa ta kunna ja.

Likitar da ta duba ni ta ce wani ƙari ne da ba kasafai ake ganinsa ba. A hanji ko huhu ya saba fitowa, nawa ne ya zaɓi cikin kunne. Na ce a cire, ko da kunnen ne. Ta sa ranar tiyata.

Da na dawo na tarar da layi, kowa yana durƙusa wa Baba, ƙofa tana ba shi kore. Unguwarmu ce ta ɗaya a lafiya a duk jihar.